Motar Alhaji Ladan Mai Uba Biyu

Shekaranjiya wani saurayi ya tsaya bakin garejina nan Goronyo, waya a hannu, shina kallon bidiyon yadda ake canza taimin bel. Minti shida anka yi anka gama. Ya ɗago kai ya ce mini, "Oga Ummaru, ashe abin ba wuya. Kwance, sa, ɗaure." Da na buɗe baki a lokacin zagi ne zai fito. Shi ya sa na zauna na rubuta wanga. Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya, wanda ya ga kuskure ya gyara da kanshi, ni ba malamin makaranta ba ne. Bakanike ne ni, shekara talatin da ɗoriya ina kwance ƙarƙashin motocin mutane baƙin mai na ɗiga mini a ido.

Ku fara sanin wanga. Bakanike ba shi da rumbu, ba shi da garke. Sunanshi shi ne gonarshi. Ni na yi suna daga Wurno har Rabah har nan, kuma bel guda ɗaya na roba ya cinye shi.

Aikin farko da Baba Sidi ya ba ni a garejinshi na Wurno, wankin noti ne. Baba Sidi shi ne maigidana, shi ya koya mini sana'a. Kwano guda na kananzir, tsohon buroshin haƙori, da tarin notuna da kusoshi. Shekara biyu ban taɓa inji ba. Sai wanki, sai miƙo sifana. In ya ce sha biyu na miƙa sha uku, da ita zai ƙwanƙwashe ni a ƙeya, ba ya ko waiwayowa. A shekara ta uku ya ba ni guntun rodi, tsawon kamu biyu. Ya ce in ɗora baki ɗaya bisa inji mai aiki, ɗayan in danna a ƙashin bayan kunnena. Wallahi ranar na san inji shina magana. Bawul na da muryarshi, fistin na da tashi, boris ɗin da ya fara ci shina wani gurnani can ƙasa kamar kyanwa. Wata uku ina yawo da rodin nan mota zuwa mota kamar mahaukaci, har direbobin tasha sunka sa mini Ummaru Kunne.

Doka ɗaya Baba Sidi ke da ita wadda ba ya wasa da ita, dokar samfur. Ba a aika sayen kayan gyara da baki. Ka kwance tsohon, ka ƙulle shi cikin tsumma, ka ba direban motar safe mai zuwa Sakkwato. Mai sayarwa ya gwada tsoho da sabo a gaban idonshi, kafin la'asar su dawo maka tare. In sun zo, kai ma ka sake gwadawa. Ko fulogi ne. Ko wanda ka canza sau dubu ne. Na taɓa ce mishi, "Baba, ai mun san lambarshi." Ya ce, "Kai ka san lamba, ƙarfe bai san karatu ba. Ƙulle."

A zamanin, motocin wani kamfanin Turai ne sunka cika tashoshinmu. Na haya, na gwamnati, na alhazai, duk tambari guda. Na san su kamar yunwar cikina. Da Baba ya yaye ni na buɗe gareji Rabah, shekara shida, daga baya na dawo Goronyo don nan kayan lambu ke motsi, inda kaya ke motsi kuwa nan mota ke lalacewa. Ina iya sauke injin motocin nan da hantsi in mai da shi kafin magariba. Ina iya gaya maka ciwon mota tun tana kwanar tasha. Sai waya ta zo. Na ga mi zai sa in ɓata yini guda ina jiran tsumma ya tafi ya dawo? Sai in buga wa Emeka, wani ɗan Ibo mai shagon kayan gyara a Sakkwato wanda ya daɗe ƙasar har Hausarshi ta fi ta wasunku, in ce mota kaza, abu kaza. Ya aiko. Kafin mai mota ya gama shan fura kaya sun kama hanya. Shekara goma sha ban yi kuskure ba. Har ya zama abin yabo a bakin mutane, "Ummaru ba ya aika samfur." Ni kuma kaina ya ɗau zafi. Ba ni ɓoye muku.

To ana haka duniya ta juya ban lura ba. Motocin da ake shigowa da su ta Kwatano sunka fara canza ciki. Ka ga tambarin da ka sani a goshi, ka buɗe bonet ka ishe murfin roba baƙi ya rufe komai, wayoyi kamar taliya, kafireta babu ita. Na gani. Ba zan ce ban gani ba. Amma na ce a raina sabon yayi ne, ɗan gida guda ai ba ya rasa kamannin gida.

Alhaji Ladan na Taloka manomin albasa ne, kuma shina saye shina ajiyewa. In anka cire albasa da bazara ba ya sayarwa, sai ya zuba cikin rudu, wato rumfar kara da ake yi mata don iska ta riƙa ratsa ta, ya jira har tsakiyar damina lokacin da ta yi wuya a kasuwa. Duk wahalar shekararshi a wancan lodi take. Da zai sayi akori-kura ni ya tambaya. Na ce, "Alhaji, sayi mai tambarin nan da na sani. Ko cikin barci na gyara ta." Ya saya. Direbanshi Ɗanjuma, magidanci mai 'ya'ya shida, mutum mai sanyin tuƙi har abokanshi na kiranshi Hawainiya. Shekara guda motar na zuwa wurina, juyen baƙin mai, birki, ba abin da ya kai ni cikin inji.

Wata Talata cikin damina sunka zo su biyu. Alhaji bai ko gama sallama ba ya ce, "Ummaru, jibi babbar mota ke lodi Sakkwato za ta Kudu, kuma an ba ni wuri. Wagga mota tana wani kuka. Duba min ita yanzu yanzu."

Na ɗora rodi. Na leƙa ta gefen murfi. Taimin bel ne ya tsufa, ya fara zare a gefe. Don wanda bai sani ba, bel ne na roba mai haƙora ta ciki, shi ke sa saman inji da ƙasanshi su yi tafiya tare. In ya tsallake ko haƙori biyu, fistin ya daki bawul, inji ya mutu nan take. Ban kwance ba. Na ɗau waya na gaya wa Emeka sunan mota da shekararta. Laraba da hantsi bel ya iso cikin kwalinshi, Alhaji da Ɗanjuma sunka dawo da motar.

Ranar garejin cike yake, don an ɗan yi yayyafi direbobi sun fake rumfata. Na kwance murfi. Na ga fulin da bel ke zagayawa ba su zauna inda na saba ganinsu ba, na ce sabon yayi. Tsohon bel ya ƙi fita da sauƙi, sai na sa wuƙa na yanke shi na wurga bayan rumfa cikin juji. Ɗanjuma na tsugune gefena, ya ce a hankali, "Oga, ba ka gwada shi da tsohon?"

Wani direba ya kwashe da dariya. "Kai Hawainiya! Ummaru Kunne za ka koya ma aiki? Kai da ko giya ta huɗu ba ka san hanyarta ba?"

Anka yi ta dariya. Ni ma na yi. Na ce, "Ɗanjuma, riƙe sitiyarinka, bar min sifanata."

Bel ya shiga. Ya ɗan yi sako-sako kaɗan, na ja abin ɗaurewa ya cinye. Na daidaita alamomi, na juya inji da hannu sau biyu, na ce a tada. Ta tashi lafiya lau. Na ɗora rodi a kunne don al'ada. Sai na ji shi. Wani siririn fito, shiii, shiii, can ƙarƙashin sauran muryoyin. Ba muryar da na sani ba ce. Mutum goma na kallona. Alhaji na duba agogo.

"Yaya, Ummaru?"

"Ba komai, Alhaji. Sabon bel na, bai zauna ba tukun."

Alhamis da safe sunka yi lodi Taloka, buhu bisa buhu har sama. Kafin azahar wayata ta yi ƙara. Ɗanjuma ne. Kusa da Dinawa, a wani ɗan hawa, motar ta yi ƙara kamar an zuba tsakuwa cikin tukunya, ta mutu. Na hau babur na tafi. Ina juya inji da sifana na ji ya cije. Ba sai na buɗe ba. Muna tsaye hadari ya taso daga gabas baƙi ƙirin. Tamfol ɗinsu bai rufe rabin kayan ba, iska ma ta yage shi. Anka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya har bayan la'asar. Kun san halin hanyarmu yanzu, in rana ta karkata ba direban da za ka roƙa ya fito, don tsoron 'yan bindiga. Mutanen gari sunka taimaka anka tura motar gindin wata bishiya, albasa ta kwana jiƙe cikin buhu. Babbar mota ta tafi Kudu ba da kayan Alhaji ba. Albasar da ta yi wata biyar cikin rudu in ta sha ruwa haka ba ta jira. Kwana uku ana zube ta ana tsincewa a ƙofar gidanshi, wari har masallaci.

Alhaji ya kori Ɗanjuma. Ya ce shi ya matsa wa mota a hawa don ya riga ruwa. Ɗanjuma ya rantse. Ya ce, "Alhaji, a tambayi bel ɗin nan, ba a gwada shi ba." Alhaji ya ce mishi, a gaban jama'a, "Rufe min baki. Ummaru ba ya kuskure. Kai dai ka kashe min inji kana neman wanda za ka shafa ma." Labari ya zagaya tasha. Ba mai ba Ɗanjuma mota. Na gan shi ranar kasuwa shina dakon buhunan masara, mutumin da ya yi shekara ashirin a sitiyari. Sunana ne ya danne shi, ba wani abu ba.

Na kasa zama wuri guda. In shiga ƙarƙashin mota in fito ban san abin da na shiga yi ba. Ran nan na zagaya bayan rumfa na tona juji da sanda har na ishe tsohon bel cikin laka. Na wanke shi. Na ciro sabon daga matacciyar motar da anka jawo garejina, haƙoranshi sun gwigwiye. Na ƙulle su biyu cikin tsumma, na shiga motar safe da kaina.

Emeka ya shimfiɗa su bisa teburi. Bai daɗe ba. Ya ce, "Oga Ummaru, dubi nan. Tsohon haƙoranshi masu zagaye na. Wanda na aiko maka masu kusurwa na. Ƙirga kuma." Na ƙirga. Sabon ya fi da haƙori ɗaya.

Na ce, "Kai ka aiko min shi!"

"Kai ka faɗi sunan mota, na ba ka na sunan. Ka aiko samfur?"

Ya jawo wayarshi ya nuna mini hotunan motoci uku. Jiki guda, ƙofa guda, fitila guda, tambari uku daban daban. Ya ce, "Kamfanonin sun yi ƙawance, Oga. Na Turan da ka sani, da wani na Japan, da wani kuma. Wanga ya ƙera inji, wancan ya ƙera jiki, a wata ƙasa ta daban anka harhaɗa. Kowa ya manna tambarinshi ya kai kasuwar da anka san shi. Haka suke shiga ƙasashe yanzu, ba sai kowa ya gina tashi masana'anta ba. A shekarar nan ma inji iri biyu sunka sa mata. Motar Alhajinka goshinta kawai na Turai na. Cikinta ɗan Japan na."

Na ce, "To mota mai uba biyu ke nan."

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Ya rage murya ya ce, "Wa ya sani? Ni da kai. Zuba su cikin kwata ka koma gida. Bel na tsinkewa kullum."

A hanyar dawowa ba wanda ban zaga ba a raina. Mutane su zauna can cikin ɗaki mai sanyi su gaisa da juna, su haɗa dukiyarsu, su canza hanjin mota su bar mata fuska, ba wanda ya tuna akwai wani mai rodi a kunne a Goronyo da zai buɗe ta. Ba takarda, ba sanarwa, ba horo. Su riba, mu tuntuɓe. Har yau ina kan wagga magana, ban janye ba. Amma kafin mu kai kwanar Wurno zagin ya ƙare mini. Ba Bature ne ya yanke tsohon bel da wuƙa ba. Ba ɗan Japan ne ya ji fito a kunnenshi ya ce ba komai ba.

Washegari da hantsi na tafi Taloka. Na ishe Alhaji bisa tabarma a ƙofar gida da mutane kamar bakwai, har da limamin unguwa. Warin albasa bai gama fita ba. Munka gaisa. Ya ce, "Ummaru, zo zauna. Yaushe za ka tada min injin da wancan sakaran ya kashe?"

Ban zauna ba. Na kwance tsumma na ajiye bel biyu gabanshi. Na nuna mishi haƙoran. Na gaya mishi zancen kamfanoni kamar yadda Emeka ya gaya mini. Na ce da baki na aika, ban gwada ba, Ɗanjuma ya ce in gwada na yi mishi dariya.

Alhaji ya ɗauki bel ɗin shina shafa haƙoran da babban yatsa. Liman ya ce, "To, rashin sani na, Alhaji. Kowa na iya faɗawa. Tun da su masu motar sun ɓoye."

Da na tsaya nan da na tsira da rabin sunana. Na ce, "Malam, akwai saura. Da na ɗora rodi na ji ƙara. Alhaji ya tambaye ni na ce ba komai."

Alhaji ya ajiye bel ɗin ya ɗago kai.

"Ka ji?"

"Na ji."

"Da ka yi shiru da ban taɓa sani ba."

"Awo."

"To mi ya kawo ka?"

"Ɗanjuma bai kashe inji ba."

Ya juya ya ce ma ƙanenshi, "Tafi ka kira min Ɗanjuma, ko ina yake. Ka ce ni na ce ya yi haƙuri, ya zo." Sa'an nan ya dube ni. Na ce zan tada injin da hannuna, kayan ma ni zan nemo. Ya girgiza kai. "Albasa ta Allah ta, shi ya ba ni shi ya karɓa. Na yafe maka, Ummaru, duniya da lahira. Rashin sani ba komai na ba. Amma kunnenka nike kawo ma mota, ba sifanarka ba. Kunnen ya gaya maka gaskiya, kai ka gaya min ƙarya. Hannunka ba ya sake taɓa ƙarfena."

Wagga ita ce mugunyar shekarata. Kafin sati ya zagayo daga Kagara har Rabah an ji. Ummaru Kunne ya koma Ummaru Mai Bel. Alhazai sunka janye ɗaya bayan ɗaya, ba faɗa, ba zagi, sai dai ka ga motar da ka raina tun tana sabuwa ta wuce ka. Direbobin da sunka yi dariya a rumfata su ne sunka fi kowa yaɗa labarin, kowa na cewa shi dama ya lura. Na koma gyaran injin ban-ruwa na masu fadama, da babura, da injin markaɗe. Ni da ke sauke inji in mayar a yini guda, ina tsugune gaban injin markaɗen wata tsohuwa tana ce mini, "Ɗan nan, ka dai gwada da tsohon." Har ita ta ji.

Yanzu motoci sun ɗan dawo, amma na talakawa, waɗanda ba su da zaɓi. Ba ni kallon tambari ko kaɗan. Tambari hula ce, kowa na iya ara. In mota ta zo sai in cire murfin roba in goge jikin inji in nemo lambar da anka buga a ƙarfe, in ɗau hotonta, kuma duk da haka in ƙulle tsohon cikin tsumma. Bara na buɗe wata mai suna na Japan na ishe injin Turai. Wata mai sunan Turai an ce a Sin anka yi ta tun daga taya har rufi. Gobe ban san wa zai auri wa ba a cikinsu, kuma ba za su gayyace mu ɗaurin aure ba. Ku masu waya, ku kalli bidiyonku, ban hana ba, ni ma yanzu ina sa a nuna mini. Amma mutumin cikin bidiyon ba shi da alhaji tsaye a kanshi shina duba agogo, ba shi da mutum goma masu jiran su ga ko zai ce ban sani ba. Kwance, sa, ɗaure, wanga ko biri ya gani sau uku ya yi. Aikin shi ne ka ajiye sifana a gaban jama'a ka ce, a dakata, akwai abin da ban gane ba. Ni shekara talatin ban koye shi ba.

Injin Alhaji a Sakkwato anka tada shi. Motar na nan tana aiki, Ɗanjuma ke tuƙa ta. Duk ranar kasuwa sai ya biyo ta gaban garejina, a hankali kamar yadda ya saba. In ya zo daidai rumfa sai ya rage gudu, ya danna ham sau biyu, ya ɗaga mini hannu. Wani lokacin ya miƙo ƙullin albasa ta taga. Watan jiya da ya rage gudu na ji boris ɗin tayar gabanta ta dama shina gurnani. Na bi shi da gudu na buga ƙofa.

"Ɗanjuma, boris ɗin dama! Kada ka yi lodi da shi!"

Ya ce, "Na gode, Oga. Yau ɗin nan za a canza."

Ya sa giya, ya wuce zuwa garejin da ke gaba da nawa.